Modil ɗina yana cin ninki biyu na memorin da na nema, ina sauran yake tafiya?

Abdulkarim, Bukoki, Yamai:

Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa. Ina aiki a kan wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwar ARM da memori megabayit 64, wadda take karɓar ma'aunai daga batura da farantan hasken rana ta USB, ta riƙe su har intanet ya dawo sannan ta tura. Linux ce a kanta, kuma na rubuta modil, wato ƙaramar manhaja da ake lodawa a cikin karnel (zuciyar Linux), wanda yake ware bafa (wurin ajiye bayanai na wucin gadi a memori) guda 1024 tun daga tashin na'urar, domin kada bayanai su zube idan layi ya yanke. Kowace bafa tana da kai na bayit 24, inda nake rubuta tsawo da lokaci da alamomi, sai jiki na bayit 4096, kuma ina neman su haɗe da kira ɗaya na kmalloc, hanyar neman memori a cikin karnel. A lissafina 4120 sau 1024 megabayit 4 ne da ƴar ɗoriya, amma da zarar na loda modil ɗin na duba /proc/meminfo, sai in tarar layin Slab, mai nuna memorin da karnel ya ware wa irin waɗannan buƙatu, ya ƙaru da megabayit 8. A na'ura irin wannan asarar ba ƙarama ba ce, kuma sayo wata mai memori da yawa daga waje yana buƙatar kuɗi da jira. Don Allah ina rabin yake shiga, kuma yaya zan gyara lissafin girman bafar?

Malam Issufu, Tawa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Memorinka bai ɓace ba, kmalloc ce ba ta yankan wuri daidai da abin da aka nema. Tana da rukunai waɗanda girmansu a tsaye yake: bayit 8, 16, 32, 64, 96, 128, 192, 256, 512, 1024, 2048, 4096 da 8192, kuma duk abin da ka nema za ta ɗaga shi zuwa rukunin da ke sama da shi. Da ka nemi 4096 cif da an ba ka 4096, amma da ka ɗora bayit 24 a kai sai ka tsallake iyaka ka faɗa rukunin 8192, wato kowace bafa tana barin bayit 4072 a zaune babu mai taɓa su. Kamar mai hatsi ne da ya cika buhu ya rage masa tiya ɗaya, a ce lalle sai ya ɗauki wani buhun sukutum saboda ita. Ka buɗe /proc/slabinfo ko ka kira slabtop, za ka ga layin kmalloc-8k ya kumbura da abubuwa 1024, kuma 8192 sau 1024 shi ne megabayit 8 ɗin da ka gani.

Wannan tsari da dalilinsa. Dabarar slab, wato raba memori rukuni-rukuni haka, ta samo asali ne daga aikin Jeff Bonwick na kamfanin Sun a 1994, kuma SLUB, mai rarraba memori wadda Linux ta ɗauka a matsayin ta dindindin tun fitowa ta 2.6.23 a 2007, tana bin tafarkin nan: idan wuraren da ke rukuni ɗaya girmansu ɗaya ne, bayarwa da karɓa suna yin sauri, kuma wurin da aka saki zai dace da mai nema na gaba ba tare da an yi ta laluben gurbi ba. Farashin saurin shi ne ragowar da kake kuka da ita. Abin ya fi tsanani idan aka wuce 8192, domin a na'urar da shafinta (yankin da ake auna rabon memori da shi) bayit 4096 ne buƙatar tana tafiya kai tsaye wurin mai rarraba shafuka, shi kuwa yana bayarwa ne shafi 1, 2, 4, 8, haka nan. Wanda ya nemi bayit 9000 za a ba shi 16384, sai fa idan ya yi amfani da alloc_pages_exact, wadda take mayar da shafin da ya yi rara ta bar shi da 12288. Kai wannan ba za ta taimake ka ba, tunda 4120 shafi biyu yake buƙata ko ta yaya.

Shawarata mafi sauƙi ita ce ka rage jikin bafar, kai da jiki su haɗu su ba da 4096 ko ƙasa da haka.

Hadiza, Yantala, Yamai:

Malam ya gama bayani a kan asalin matsalar. Ni abin da ya tsaya mini shi ne kan nan na bayit 24, domin tsawo da lokaci da alamomi bai kamata su kai haka ba. Ina kyautata zaton ka jera su ne da tsawo mai bayit 4 a farko, lokaci mai bayit 8 a tsakiya, alamomi masu bayit 2 a ƙarshe. Idan haka ne, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara lambarka zuwa harshen na'ura, tana saka giɓin bayit 4 bayan tsawo domin lokaci ya fara a adireshin da 8 ke rabawa, sannan ta cika ƙarshen tsarin zuwa 24. Ka sa lokaci a farko, tsawo ya biyo, alamomi su rufe, za ka sauko zuwa 16 ba tare da ka cire komai ba. Akwai manhaja mai suna pahole, ta Arnaldo Carvalho de Melo, wadda take nuna maka kowane giɓi a cikin tsari da yawan bayit ɗinsa, kuma ni ba na sakin modil sai na bi da shi ta wurinta.

Sannan kada ka dogara da lissafin takarda kaɗai. Ka yi perf kmem record yayin da kake loda modil ɗin, ka biyo da perf kmem stat --caller, za ta jera maka kowane wurin kira da abin da ya nema da abin da aka ba shi da kason da ya tafi a banza. Wajen haɗa girman kai da jiki kuma ka yi amfani da struct_size, wadda ta shigo a 4.18, domin tana tsare ka daga ambaliyar lissafi idan wata rana yawan ya fito daga waje. Ba ta rage ko bayit ɗaya, amma rage memori da buɗe ƙofar ɓarna ba ciniki ba ne.

Abdulkarim, Bukoki, Yamai:

Na gode Malam, na gode yaya Hadiza. Jerin yana nan yadda kika faɗa, kuma slabtop ta nuna kmalloc-8k kamar yadda Malam ya ce. Sai dai rage jikin zuwa 4080 yana da wuya a wurina, domin na'urar aunawa tana turo bayanai a ƙunshi na bayit 512, kuma 4096 ƙunshi takwas ne cif. Idan na koma bakwai, 3584 ke nan, da kan nan na bayit 16 ya zama 3600, ragowar 496 a kowace bafa, kuma sai na sake rubuta ɓangaren da ke karanta bayanan. Na ga wasu suna kiran ksize domin su san ainihin girman da aka ba su su yi amfani da rarar. Shin in bar bafar a 8192 in cika ta ta wannan hanya?

Mamman Sani, Wadata, Yamai:

Abdulkarim, ka bar maganar ksize. Rubutu a wurin da ya wuce abin da ka nema yana rikita kayan tsaron karnel irin su KASAN da FORTIFY_SOURCE, waɗanda suke ɗaukar girman da ka ambata a matsayin iyakarka. Shi ya sa aka kawo kmalloc_size_roundup a 6.1: ka tambaye ta tukuna, ta gaya maka girman da za a ba ka, sannan ka nemi wannan girman a fili. Idan karnel ɗinka ya girmi 6.1 ba za ka same ta ba.

Hanyoyi biyu nake gani. Ta farko ka buɗe rukuninka na kanka da kmem_cache_create a kan girman bafarka. Idan SLUB ta zaɓi slab mai shafi 8, wato bayit 32768, bafa bakwai za su shiga maimakon huɗu da rukunin 8192 ke ɗauka, amma ta takwas ba za ta shiga ba ko da kan ya sauko 16, domin 4112 sau 8 ya kai 32896, ya haura da bayit 128 kacal. Ragowar tana nan, kusan bayit 570 a kowace bafa, kuma neman shafi 8 a jere yana ƙara wuya idan na'ura ta daɗe a kunne memorinta ya tsattsage.

Ta biyu, wadda ni ita zan bi, ka raba kai da jiki. Jikin ya zama shafi guda daga alloc_page, kan kuma ya zama ƙaramin tsari mai ɗauke da manuni zuwa shafin, ko ma ka zuba kawunan 1024 duka a jeri ɗaya da kcalloc, wanda ko a bayit 32 kowanne kilobayit 32 ne kawai. Jimilla ta dawo megabayit 4 da kilobayit 32, kuma lambar da ke karanta ƙunshin 512 ba za ta canza ba.

Akwai dalilin da ya fi memori nauyi a wurina. Tunda USB ce, mai yiwuwa ne mai sarrafa ta yana zuba bayanai a cikin jikin bafar kai tsaye ta DMA, wato ba tare da sun bi ta ƙwaƙwalwar na'urar ba, kuma a yawancin ƙananan na'urorin ARM ma'ajiyar kusa ta ƙwaƙwalwa (cache) ba ta daidaita kanta da abin da DMA ta rubuta. A tsarinka na yanzu kan da farkon jikin suna zaune a layi ɗaya na wannan ma'ajiya, mai bayit 32 ko 64, saboda haka idan ka taɓa alamomi yayin da na'ura take rubutu, bayanan farkon bafar suna iya lalacewa ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ga wanda yake auna batura, lambar ƙarya ta fi rashin lamba haɗari. Raba su yana kawar da wannan gaba ɗaya.

Malam Issufu, Tawa:

Na goyi bayan Mamman Sani, rabawar ta fi shawarata ta farko dacewa da aikinka. Abu ɗaya zan ƙara: kada ka rubuta 4096 a cikin lambarka da nufin shafi, ka yi amfani da PAGE_SIZE, kuma ka duba darajarta kafin ka ware komai. Karnel ɗin da Raspberry Pi 5 ke tashi da shi yana da shafi na bayit 16384, saboda haka idan wata rana aka mayar da modil ɗin can, alloc_page za ta ba kowace bafa kilobayit 16, kashi uku cikin huɗu su zauna a banza. A irin wannan na'ura sai ka yanka kowane shafi gida huɗu, ko ka nemi jikin shi kaɗai da kmalloc a kan 4096, wanda yake faɗawa rukuninsa daidai. Idan ka gama, ka turo mana layin Slab da MemFree na kafin lodawa da na bayanta.