Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan lafiyar maza masu neman maza a Sakkwato

Ga abin da na tattaro daga bayanan 'yan'uwa.

1. Kowa ya yarda cewa gwajin ƙanjamau shi ne farko, kuma maganin rage kaifin cutar kyauta ne a asibitocin gwamnati.

2. An daɗe a kan PEP, maganin gaggawa da ke hana kamuwa da ƙanjamau bayan saduwa: wanda ya sadu ba kariya ya fara sha kafin awa 72 su cika, ya ci gaba har kwana 28 ba fashi. PrEP kuwa, wato maganin kariya daga ƙanjamau, tun kafin saduwa ake sha, amma ba ya hana tunjere ko ciwon sanyi, don haka kwaroron roba yana nan daram. A guji shafa masa Vaseline, domin mai yana yaga roba.

3. An rabu kan faɗa wa likita gaskiya. Wasu sun ce a faɗa masa, domin ba ya duba wurin da ba a ambata masa ba. Wasu suna tsoron tonon asiri saboda dokar Najeriya ta 2014 da ta haramta auren jinsi da kuma shari'ar Musulunci ta jiha. A ganina tsoron yana da dalili, amma sayen ƙwayoyi a kemis ba gwaji ya fi haɗari.

4. A nemi rigakafin ciwon hanta nau'in B.