Ina son gina ɗan ofis a tsakar gida, ku ba ni shawara

Baban Yara: Assalamu alaikum. Aikin lissafin kuɗi nake yi wa 'yan kasuwa daga gida, a nan Kano, amma hayaniyar yara ta hana ni sakat a falo. Akwai fili a bayan gida, gindin darbejiya, zai ɗauki ɗaki ƙafa 10 da 12. Zafin Afrilu nake tsoro. Bulo zan yi ko kwantena zan saya?

Birkila: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka manta da kwantena, da rana tanda ce. Ka yi bulo mai inci 9, ka ɗaga ginin sosai, ka bar tazara tsakanin kwano da silin don zafi ya samu wurin fita. Taga biyu masu kallon juna, kudu da arewa. Kada ka buɗe taga ta yamma, ranar la'asar ce ke dafa ɗaki. Darbejiyar kuma inuwarta alheri ce, amma saiwarta na fasa daɓe, ka ja baya da ita kaɗan. A zuba maganin gara tun a fandisho.

Maman Biyu: Maigidana ya gina irinsa. Ka fitar masa da ƙofa ta waje, baƙi su daina ratsa cikin gida. Iyalinka za su gode maka.

Mai Sola: Yallaɓai, a binne bututun waya kafin filasta. Kuma ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kan izinin gini kafin a fara haƙa.

Baban Yara: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam Birkila, nawa zan ja baya daga bishiyar?