Finafinan Wasa'iƙi da Rigimar "Takari" a Zauren Hausawan Makka da Jidda

Abu Hafsa (Jidda): Assalamu alaikum. Yau kam sai na faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk fim ɗin wasa'iƙi, wato na abin da ya faru da gaske ba na 'yan wasa ba, da na turo zauren nan, ko mutum ɗaya bai taɓa cewa ya kalla ba. Amma bari a turo guntun Indiya-Hausa ko Ertugrul, sai a kwana ana sharhi. Na kawo One Day in the Haram na 2017, wanda ya bi ma'aikatan Harami tun daga asuba, ba wanda ya tanka. Na kawo Inside Mecca na National Geographic, 2003, hajjin mutum uku daga Maleshiya da Afirka ta Kudu da Amurka, haka. Na kawo The Africans na Ali Mazrui, kashi tara, 1986, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Mu takari ba ma son abin da zai ƙara mana sani, shi ya sa kullum wasu ke ba da labarinmu.

Ummu Rayyan (Makka): Wa alaikumus salam. Malam, su wa ke nan "mu takari"? A Misfala aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni. Ka janye kalmar nan.

Abu Hafsa: Hajiya, maganar fim nake yi.

Ummu Rayyan: Ka fara janyewa tukuna. Da ita yara suka riƙa tsokanarmu a makaranta har muka girma. Ba za mu sha ta a waje mu zo mu sha ta a gida ba.

Ɗalibin Madina: Allah ya huci zuciyar Hajiya, amma asalinta ba zagi ba ne. Tukrur daula ce a bakin kogin Senegal, sai Larabawa suka yi wa duk mutanen Afirka ta Yamma kuɗin goro da sunan. Mansa Musa da ya yi hajji a 1324, sarkin Tukrur mutanen Masar suka kira shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma Infaƙul Maisur fi Tarikhi Biladit Tukrur ya sa wa littafinsa. Kansa ya zaga?

Ummu Rayyan: Ɗana, kai a littafi ka karanta ta, ni a kunnena ta sauka. Wanda ke ce maka "ya takruni" a bakin shago bai san wani Muhammadu Bello ba.

Maman Iman (Jidda): Ni dai ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Shagala nake, aikin gida nake yi, ko a Kano idan na kira waya cewa suke 'yar takari ta bugo. Abin da ke mana ciwo ba sunan ba ne. Ku masu katin ƙasa, in an haɗu a biki sai ku juya harshe zuwa Larabci don kada a haɗa ku da mu. Ranar da motar jawazat, jami'an shige da fice, ta shigo unguwa, wa ke buɗe mana ƙofa?

Ummu Rayyan: Subhanallah. Ki ji tsoron Allah. Mata nawa suka ci abinci a gidanmu kafin a yi musu tarhil, a mayar da su ƙasarsu?

Maman Iman: Ban kama sunanki ba, Hajiya.

Direban Aziziyya: Ba kowa ne ya zo da Umara ya maƙale ba fa. Ni da iƙamata, katin zama, da kafilina da ya tsaya mini. A daina haɗa mu.

Maman Iman: Ka ji ko! Kowa gudun na ƙasa da shi yake yi.

Ɗan Mai Wurno: Ku ba ni dama, ni baƙonku ne, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kawo ni Jidda ta Fot Sudan. A can Fallata ake ce mana, ko Bahaushe ne kai ko Bafulatani ko Babarbare. Kakanninmu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka yi gabas, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinmu a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu suka yi noman auduga a Jazira shekara da shekaru suna tara guzuri, sannan suka tsallaka ta Sawakin. Wannan tafiyar ta ƙafa ita ta haifi da yawa daga cikin gidajen Hausawan Makka. Ni ban taɓa cin karo da fim ɗin da ya bi ta daga Kano zuwa Jidda ba, kuma tsofaffin da suka ji ta daga bakin iyayensu ƙarewa suke yi. Ina ganin abin da Abu Hafsa ke nufi ke nan.

Abu Hafsa: Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa.

Ɗan Mai Wurno: Amin. Tunda kai mai kallo ne, nemi Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, 2019. Tsofaffin masu shirya fim ne su huɗu, suna fafutukar sake buɗe wani gidan sinima a Umdurman. Za ka gan su suna share ƙura da hannunsu, suna yawon neman izini ofis-ofis, ana ta yi musu gobe-jibi. Ya ci kyauta a Balin. Sai Beats of the Antonov na Hajooj Kuka, 2014, kan mutanen Shuɗin Nilu da duwatsun Nuba: jirgi ya gama ruwan bam, su fito daga ramuka su ɗauki rababa su yi waƙa. Akwai kuma Khartoum Offside na Marwa Zain, kan 'yan mata masu ƙwallo.

Direban Aziziyya: 'Yan mata masu ƙwallo za mu zauna kallo da iyalinmu? A Makka?

Ɗan Mai Wurno: Ba a tilasta maka ba, Malam.

Ɗalibin Madina: Amma Fallata ai Fulani ne kawai. Kanuri ke ce wa Fulani haka.

Ɗan Mai Wurno: Ka taɓa taka Gadarif ko Kasala? Ni za ka gaya wa yadda ake kirana?

Baba Alhaji (shugaban zaure): Ni a duk wasa'iƙin duniya ban ga kamar Ar-Risala ba. Duk azumi sai mun kalla da jikoki.

Abu Hafsa: Baba, Allah ya ƙara girma, Ar-Risala na Mustafa Akkad na 1976 'yan wasa ne suka yi shi. Wasa'iƙi kuwa mutanen da abin ya shafa ake ɗauka. Misali Sweet Sweet Codeine na BBC, 2018, wanda bayan fitarsa gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Baba Alhaji: Wato tarihin Musulunci wasa ne, na BBC ne gaskiya?

Abu Hafsa: Wallahi ba haka na ce ba, Baba.

Direban Aziziyya: Su ai abin kunyarmu kawai suke nema. Kodin, 'yan bindigar Zamfara, shi ke nan Arewa a wurinsu.

Ɗalibin Madina: To History of Africa na Zainab Badawi fa? BBC ce ta nuna shi a 2017, ita kuma haifaffiyar Sudan ce.

Ummu Rayyan: Duk an bi wata hanya. Har yanzu bai janye ba.

Abu Hafsa: Hajiya, da kaina na fara, "mu" na ce.

Ummu Rayyan: Ka ce "ni", ka bar mu.

Maman Iman: Ka ce "mu", Malam, ina ciki.

Baba Alhaji: Ya isa haka, lokacin Isha ya gabato. Ga abin da aka tsayar. Kowa ya yarda kalmar nan zagi ce, kuma gidajen da suka yi shekara ɗari suna hidimar alhazai a garin nan sun fi ƙarfin a kira su da ita. Daga yau duk wanda ya rubuta ta zan cire shi. Ɗalibinmu ya kawo tarihi, Allah ya ƙara ilimi, amma yaro ba ya ja da uwa. Finafinan Sudan siyasa ce, zauren nan na zumunci ne, mai so ya nema ta bayan fage. Abin da jama'a suka zaɓa a kalla shi ne Ar-Risala, sai na Harami ɗin nan da Abu Hafsa ya ambata, ya sake turo shi bayan sallar Juma'a. Na rufe sharhi sai da safe.