Shawarwarin da na samu kan labarina na duniyar Mars

Na karanta wa 'yan majalisarmu ta Agege babin farko, inda mutane suka tare a Mars. Ba su raga mini ba.

Wani malamin makaranta ya ce in daina haɗa su da Legas ta waya kamar suna Idi-Araba, don saƙo yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya iso. Ruwa kuma a haƙo ƙanƙara a narkar, ba maigaruwa a can.

Wadda ta fi kama ni ita ce ta mai shayinmu. Yana fifita wuta ya ce, "Malam, wata biyu gare su a sama, shekararsu kwana 687. Da wanne za su ɗauki azumi?" Babi guda na ware wa wannan rigimar.