Saura kwana biyar gwajin ƙarfin jiki, ga zazzaɓi ya kwantar da ni

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni soja ne, kofur, shekarata 29. Ranar Litinin mai zuwa za mu yi gwajin ƙarfin jiki na shekara, kuma sai wanda ya ci ne za a saka sunansa a kwas ɗin ƙarin girma. Gwajin ya ƙunshi fushof na minti biyu, sitof na minti biyu, sai gudun kilomita 2.4, wanda aka yanka wa masu shekaruna minti 11 da daƙiƙa 30.

Shekaranjiya da dare jikina ya rikice. Da fari na ɗauka mura ce, amma jiya na auna zafin jikina ya kai 38.4, gaɓoɓina duk ciwo suke, tarin kuma ya sauka ƙirji har da kaki. Yau da safe na hau bene hawa ɗaya kacal sai da na dafa bango ina haki. Ban je wurin likita ba tukuna, don ina tsoron a ce laɓewa nake yi.

Akwai kuma wata damuwar tun kafin ciwon. Shekara biyu ke nan ina ɗaga ƙarfe sau biyar a mako, nauyina ya tashi daga kilo 74 zuwa 86. Fushof da sitof ba su dame ni ba ko kaɗan. Gudu ne ya guje ni: na ƙarshe da na gwada, minti 11 da daƙiƙa 50 na yi, alhali da lafiyata ƙalau. Don Allah in daure in shiga ko in nemi a ɗaga mini? Kuma ya ake haɗa ƙarfi da dogon numfashi ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba?

Ɗan uwa a kaki:
Sannu Kofur, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai na taɓa yi da mura kuma na ci. Ka haɗiyi farasitamol awa ɗaya kafin a fara, ka cije ka wuce wurin. Minti goma sha ɗaya ne fa, ba yaƙi ba ne.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, don girman Allah kada ka bi wannan shawarar. Wanda ya ba ka ita da zuciya ɗaya ya bayar, amma murarsa daban, ciwonka daban.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da masu kula da 'yan wasa ke amfani da ita. In ciwon daga wuya zuwa sama yake, wato toshewar hanci, atishawa, ɗan kaikayin maƙogwaro, kuma babu zazzaɓi, mutum zai iya motsa jiki a hankali. In ya sauko ƙasa da wuya, tari daga ƙirji, ciwon gaɓoɓi, amai ko zawo, ko kuma akwai zazzaɓi, to hutu ne kawai. Kai ka haɗa uku daga ciki.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne zuciya. Wasu ƙwayoyin cutar da ke kawo mura da zazzaɓi suna iya kumbura tsokar zuciya, kuma mutum bai cika sani ba. In aka tilasta wa zuciyar da ke wannan hali gudu iya ƙarfi, bugunta na iya rikicewa nan take. Wannan kumburin yana cikin sanannun dalilan da ke sa matasa masu jini a jika, sojoji da 'yan wasa, su yanke jiki su faɗi a fili. Ba kowa yake samu ba, amma babu mai iya gane wanda zai samu ta kallon fuska.

Sai zafi. Gudu da kansa yana ɗaga zafin cikin jiki, kai kuma daga 38.4 za ka fara. In ya haura 40 har mutum ya fara ruɗewa, an shiga haɗarin da ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Farasitamol zai sauke lambar da ke jikin ma'auni, amma cutar tana nan daram, kuma ba ya kare mutum daga zafin da gudu ke haifarwa. Ibuprofen ga mai ƙarancin ruwa a jiki nauyi ne a kan ƙoda. Magungunan buɗe hanci masu sinadarin pseudoephedrine kuwa ƙara bugun zuciya da hawan jini suke yi.

Ka je wurin likitanku yau, ba gobe ba. A auna ka, a saurari ƙirjin, a ɗebi jini in ya kama, a gano me ya kawo zazzaɓin. In ka ji ciwo a ƙirji, ko zuciya na fizga, ko numfashi na yi maka wuya kana zaune, ko fitsarinka ya yi duhu sosai, wannan na gaggawa ne. Ka kuma faɗa wa likita in jininka AS ne, don masu shi sun fi shiga haɗarin narkewar tsoka idan aka haɗa gudu mai tsanani da zafi da ƙarancin ruwa.

Tsohon saje:
Yarona, shekara ashirin da biyu na yi a kaki, kuma na daɗe ina riƙe da agogo a bakin layin ƙarshe. Na taɓa ganin wani yaro, ƙaƙƙarfa kamar kai, ya ɓoye zazzaɓinsa. A zagaye na biyar ƙafafunsa suka fara harɗewa, yana gudu yana karkata kamar mai maye, muna kiran sunansa bai san mu ba. Ni na cire masa takalmi muna kwara masa ruwan sanyi har motar asibiti ta iso. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma wata uku ya yi bai sa takalmin gudu ba, kwas ɗin ma ya wuce shi.

Ka lura da lissafin kanka. Da lafiyarka ka makara da daƙiƙa ashirin. To da zazzaɓi me kake tsammani? In ka shiga ka faɗi, faɗuwa za a rubuta a fayil ɗinka, babu mai rubuta cewa ba ka da lafiya. In ka kai takardar likita, abin da za a rubuta shi ne an ɗaga maka. Ka je ka yi rahoton rashin lafiya ta hanyar da aka tsara, ka sanar da na sama da kai da bakinka tun yau, ka tambayi ranar da za a sake yi wa waɗanda ba su samu yi ba. Wanda ake zargi da laɓewa shi ne mai ɓullo da ciwo da safiyar ranar gwaji.

Mai neman shawara:
Na gode Anti, na gode Oga Saje. Tsorona shi ne in na kwanta mako guda ko biyu, ɗan numfashin da nake da shi ma zai tafi.

Mai horar da 'yan gudu:
Ba zai tafi yadda kake zato ba, ɗan'uwa. A binciken da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a 1984, ƙwararrun da suka daina atisaye gaba ɗaya kashi 7 cikin ɗari suka rasa na ƙarfin amfani da iska bayan mako uku. Mako guda ba wani abu ba ne, kuma ƙarfin tsoka ya ma fi numfashi jinkirin zubewa.

Ga yadda za ka dawo, bayan likita ya sallame ka. Ka bari zazzaɓi ya sauka da kansa, ba don magani ba, ya yi aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu bai dawo ba. Kullum da safe kafin ka sauko daga gado ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. In ya ɗara na kullum da kamar goma, jiki bai gama faɗa ba. Ka fara da tafiya, sai sassarfa ta minti goma sha biyar, ka duba yadda ka kwana. Kada ka yi ƙoƙarin rama kwanakin da suka wuce a rana ɗaya.

Batun ƙarfi da juriya kuma, tsohuwar muhawara ce. A 1980 wani mai bincike, Robert Hickson, ya raba mutane gida uku na tsawon mako goma: masu ɗaga ƙarfe, masu gudu da keke, da masu haɗa duka. Masu haɗawar numfashinsu ya ƙaru daidai da na masu gudu zalla, amma ƙarfin ƙafarsu ya tsaya wajen mako na bakwai, daga baya ma ya ja baya. Sai dai mutanen nan kwana shida a mako suke aikin juriya, kwana biyar suna ɗaga ƙarfe. Kai ba ka kusa da wannan iyakar ba. Damuwarka ita ce ka ɗora wa kanka kilo 12, kuma kowane taku sai zuciyarka ta biya kuɗin dakonsu, ita kuwa ba ka horar da ita ba.

Ka rage ƙarfen zuwa sau biyu a mako, da nauyi sosai amma maimaici kaɗan, wannan ya isa ya riƙe maka abin da ka tara. Gudu sau uku. Biyu a hankali, minti 30 zuwa 45, saurin da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da haki ba. Mutane suna raina wannan gudun, alhali shi ke gina numfashi. Na ukun a filin da zagayensa mita 400 ne. Kilomita 2.4 zagaye shida ne cif, don haka minti 11 da rabi yana nufin kowane zagaye a minti 1 da daƙiƙa 55. Ka riƙa yin zagaye ɗaya a 1:48, ka huta minti ɗaya da rabi, ka sake, har sau shida. Bayan mako biyu ka koma zagaye bibbiyu, kowane zagaye a 1:52. Kada ka yi aikin ƙafa mai nauyi ana gobe wannan gudun. In dole ka haɗa ƙarfe da gudu a rana ɗaya, ka sa kamar awa shida a tsakani.

Ranar gwajin kuma kada ka ƙarar da kanka a fushof don burgewa. Ka wuce makin da ake so da ɗan rata ka tashi, gudu na jiranka. Zagayen farko kada ka bi masu tsere, ka riƙe lissafinka.

Ɗan uwa a kaki:
Gaskiya ban san batun zuciyar nan ba. Na janye maganata, Kofur. Ka je asibiti.

Mai neman shawara:
Yanzu na dawo daga wurin likita. Zafin 38.6 ne, ya ce ciwon ya taɓa ƙirji, ya ba ni magani da hutun kwana bakwai, sannan in koma ya sake saurarar ƙirjin kafin in fara ko sassarfa. Na kai takardar ofis da kaina, an saka sunana cikin waɗanda za su yi nan da mako shida. Malam mai horarwa, in likita ya sallame ni saura mako biyar, a wane mako zan fara zagayen 1:48 ɗin?

Mai horar da 'yan gudu:
Makon farko tafiya da sassarfa kawai. In bugun safe ya koma daidai kuma tarin ya tsaya, ka fara a mako na biyu da zagaye huɗu, ba shida ba. Ka turo mini lokutan da ka yi, sai mu ga na ukun.