Maigidana ya daina magana, an ce min alamar rabuwa ce

Maman Hanan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya karanci halayyar ɗan Adam.

Shekararmu goma sha uku da aure, yaranmu huɗu. Da a unguwar Sabil muke zaune, ƙofa da ƙofa da ƙanwar mahaifiyata. Rusau ɗin da aka yi wa tsofaffin unguwannin Jidda tsakanin 2021 da 2022 ya watsa mu: su Inna suka koma Makka, mu kuma muka kama haya a gabashin gari, inda ban san kowa ba, kuɗin hayar kuma ya fi na da nesa ba kusa ba. A lokacin ne muka tura manyan yaran biyu Kano wajen kakarsu, saboda riyal 400 da ake biya duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar maigidana, wato takardarsa ta izinin zama a Saudiyya. Ni da ƙananan biyu da muka rage, 1,200 ke nan kafin a zo maganar haya da cefane.

Gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake yi a wani kamfani. Da zafi ya shigo, a saman bene yake wuni. Ya dawo bayan isha'i, ya yi wanka, ya ci abinci, ya ɗauki waya. In na ce "Baban Hanan, lafiya?" ya ce "Lafiya." In na ce "Saura wata nawa igama?" sai ya yi gum. In na ƙara, ya sa takalmi ya fita, ni kuma in bi shi da magana har ƙofa. Ran nan sai da na ce masa gara zama da bango da zama da shi, kuma har yanzu maganar tana ci min rai. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga min hannu ba, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma mutumin da da za mu kai ƙarfe ɗaya na dare muna hira, yanzu kalmominsa na yini ba sa cika goma.

Shekaranjiya wata ƙawata ta turo min bidiyo da Larabci, wai akwai wani masani a Amurka da ke kallon miji da mata na 'yan mintoci ya faɗi waɗanda za su rabu, kuma yana dacewa fiye da kashi 90 cikin 100. Cikin alamomin da aka lissafa har da shirun miji. Tun daga ranar barci ya gagare ni. Gaskiya ne? Aurena ya kama hanyar mutuwa ke nan?

Ummu Yasir, Madina

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki fara kwantar da hankalinki, fannin da na karanta ke nan, kuma bidiyon ya ba ki rabin labari ne.

Sunan mutumin John Gottman, na Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil. Shi da abokin aikinsa Robert Levenson sun yi shekaru suna zaunar da ma'aurata su tattauna abin da ke haɗa su faɗa, ana ɗaukar su a kyamara, ana auna bugun zuciyarsu, sannan a bi sawunsu bayan shekaru a ga wa ya rabu. Ya fitar da abubuwa huɗu masu cin aure: kushe halin mutum maimakon faɗin abin da ya yi, raini, kare kai da mayar da laifi, da kuma yin gum. Mafi muni a cikinsu raini ne. Ki lura, cikin duk abin da kika rubuta ban ga raini daga wajensa ba.

Maganar kashi 90 kuwa, ga yadda take. An fara sanin waɗanda suka rabu, sannan aka tsara lissafin da ya dace da su. A 2001 wasu masu bincike biyu, Heyman da Slep, suka nuna cewa in aka ɗauki irin wannan lissafi aka gwada shi a kan wasu ma'auratan dabam, dacewarsa tana faɗuwa ƙasa sosai. Ga shi kuma yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu Amurkawa ne, ba su san igama ba, ba su san tura 'ya'ya gida don kuɗin zama ba. Babu wanda zai kalli ɗakinki daga nesa ya yanke masa hukunci.

Abin da ya fi kama da labarinki wani bincike ne dabam. Andrew Christensen ya yi nazari mai yawa a kan yanayin da ɗaya ke bi da magana, ɗaya ke gudu. Ke kina ƙara magana don ya yi shiru, shi yana ƙara shiru don kin yi magana, kowa kuma yana ganin ɗan uwansa ne ya fara. Shi Gottman ɗin ma ya lura cewa mai yin gum sau da yawa ba ko-in-kula ba ne: zuciyarsa ce ke bugawa sama da 100 a minti, jikinsa ya ɗauki zafi, ba ya iya fahimtar abin da ake faɗa masa. Yana buƙatar aƙalla minti ashirin kafin ya dawo daidai. Wato fuskar da kike gani kamar dutse, a ciki tafasa take yi.

Sannan ki duba lokacin da abin ya fara. A ƙarshen shekarun 1980, bayan noma ya karye a jihar Ayowa, Rand Conger ya bi iyalai sama da 400 na tsawon shekaru. Ya ga matsin kuɗi yana jefa mutum cikin ƙunci, ƙuncin ya zama faɗa ko janyewa, shi kuma ya ci daɗin auren. Amma gidajen da miji da mata ke tallafar juna, matsin bai yi musu irin wannan ɓarnar ba, ko da aljihun nasu ɗaya ne da na sauran. Guy Bodenmann na Jami'ar Zurik a Suwizalan ya gina aikinsa a kan wannan: damuwar da aka kwaso daga waje ita ke shigowa ɗaki, kuma abin da ke raba gida da gida shi ne ko ana ɗaukar kayan tare, ko kowa na fama da nasa a ɓoye. Ni a ganina ku biyun kaya ɗaya ne ya danne ku, kowa ya juya wa ɗan uwansa baya yana nishi.

Baban Sadiƙ, Makka

Hajiya, ki yi haƙuri in sa baki, don ni ne irin mijin naki. Direba ne ni, ina jigilar masu umara tsakanin Makka da filin jirgin Jidda. Shekarar 2020 da aka tsayar da umara saboda korona, wata da watanni ban riƙe riyal na kirki ba, a shekarar kuma harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 15. Uwargida takan tambaye ni, "Ya za mu yi da haya?" Wallahi tambaya ce ta gaskiya, amma abin da kunnena ke ji shi ne "ka gaza." Ba ni da amsa, kuma an tashe mu a kan cewa namiji ba ya kai kukansa ɗaki. Sai in fita in zauna a bakin masallaci har sai na tabbata ta yi barci. Ita tana ganin na daina sonta, har ta fara zargin neman aure nake, ni kuwa kunyarta nake ji.

Idan kika tambaye shi saura wata nawa igama, ya fi ki sanin ranar. Da ita yake kwana, da ita yake tashi. Ban ce shirunsa daidai ne ba, nawa ma bai zama daidai ba, na cutar da baiwar Allah ba da niyya ba. Abin da ya kwance mu, wata rana bayan asuba ta kawo shayi ta zauna, ta ce, "Ni ma tsoro nake ji." Ba ta ƙara komai ba. A ranar na gaya mata adadin bashin da ke kaina, wanda na yi wata bakwai ina ɓoyewa.

Ummu Yasir, Madina

Baban Sadiƙ, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da mata da yawa ba su taɓa ji daga bakin namiji ba. Bari in ƙara abu ɗaya. A 1989 Rena Repetti ta yi nazarin ma'aikatan da ke ba jiragen sama hannu daga hasumiya a Amurka. Ranar da aiki ya yi musu yawa, sukan dawo gida su janye jiki, kuma waɗanda matansu suka ba su wannan sararin, fushinsu ya fi raguwa. Don haka shirun awa ɗaya bayan aiki hutu ne. Wanda ke cutarwa shi ne shirun da ba a dawowa daga gare shi. Maman Hanan, ki nemi alkawari ɗaya a wajensa: in zai fita ya fita, amma ya faɗi lokacin da za a zauna a yi maganar.

Hajiya Iya, Makka

'Yata Maman Hanan, jikata ce ke rubuta min. An haife ni a Gadarif ta Sudan, na zo ƙasar nan ina yarinya, yanzu na haura sittin. Na ji daɗin bayanin Malama, amma ina so in ja kunnen masu karantawa, kada wata ta ɗauki maganin da ba na ciwonta ba.

Aurena na fari shekara tara na yi a cikinsa. Shi ma shiru yake yi, amma nasa shirun da tsaki yake zuwa da harara. In na yi magana a gaban baƙi sai ya kwaikwayi muryata, su yi dariya. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Na yi haƙurin har na rame na lalace, ban san akwai bambanci tsakanin saɓani da wulaƙanci ba. Da Malama ta ce raini ne mafi muni, sai da na sa aka maimaita min wurin. Shayin asuba ba ya gyara wannan. Kawuna ne ya zo daga Madina, aka zauna da wani daga danginsa kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce, aka ga ba gyara, aka rabu. Aurena na biyu shekara talatin da ɗaya muka yi har Allah ya karɓi abinsa, kuma mun sha talauci tare fiye da na farkon.

Naki ba irin nawa ba ne, yadda kika faɗa. Amma abu ɗaya na gani wanda ba a taɓo ba: ke ma an raba ki da mutanenki. Da kina da Innarki a ƙofa, abin da ya dame ki kin zubar da rabinsa kafin ya dawo. Yanzu ke kaɗai ce da bango huɗu da kewar yara biyu, shi kaɗai kike jira ki sauke wa komai, shi kuma ya shigo a gajiye. Mutum ɗaya ba zai zame miki miji da uwa da maƙwabciya ba. Makka ba nisa, ki riƙa zuwa wajen Innarki ko sau biyu a wata. In kuma abu ya ƙi, ki kira manya tun da wuri, kada ki jira sai an kai ga kotu. Ko hukuma a nan tana da ofisoshin sulhu ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, amma na gida ya fi rufin asiri.

Maman Hanan, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Mama Hajiya, maganarki ta sa ni kuka, don ban taɓa lissafa cewa rabona da zama da wata mace mu yi hira ya fi wata uku ba.

Kwana huɗu ke nan ban tare shi da tambaya a bakin ƙofa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, yara na barci, na ba shi haƙuri a kan maganar bangon nan. Ya daɗe bai ce komai ba, har na ɗauka tashi zai yi. Sai ya ce kamfani ya yi wata biyu bai biya su cikakken albashi ba, kuma yana tunanin ko mu ma ya tura mu Kano kafin a sabunta igama, amma ya rasa ta inda zai fara gaya min. Ban yarda ba, na ce masa ba na son tafiya in bar shi, muka ɗan ɗaga murya, ya sa takalmi. Sai dai wannan karon a ƙofa ya juyo ya ce bayan isha'i za mu ƙarasa, kuma ya dawo.

Ba mu yanke komai ba tukuna. Na ɗauko littafin da nake rubuta cefane muka lissafa abin da ke hannu, ya kai mu wata uku in an tsuke. Ranar Alhamis zai sauke ni a Makka wajen Inna. Malama Ummu Yasir, don Allah in akwai abin da masu binciken nan suka gano game da ma'auratan da aiki ya raba su gari dabam-dabam, ki rubuto min kafin mu sake zama a kan maganar Kanon.