Wane ƙwaro ne ke huda min maɗaci?

Manomin Zuru:
Jama'a assalamu alaikum. Ina da maɗaci bakwai a bakin gonata, tun dashen mahaifina. Bayan damina sai na ga biyu sun fara bushewa daga sama. Da na duba jikinsu, ga ƙananan ramuka, ga gari kamar dusa ya taru a gindi. Maƙwabcina ya ce gara ce. Ni ban yarda ba, don babu shurin ƙasa ko ɗaya a jiki.

Dattijon Yauri:
Wa'alaikumussalam. Ba gara ba ce, malam, gara da ƙasa take rufe hanyarta. Garin nan aikin tsutsar buzuzu ne, tana ci a ƙarƙashin ɓawo, can inda abincin itace ke bi. Ɓare ɓawon kaɗan da wuƙa, za ka ga hanyoyi a karkace. In kuma maƙwaƙƙwafi ya matsa wa bishiya ɗaya, to akwai abin da ya ji a ciki.

Ɗalibar Aliero:
Baba, ka tuna ko an jibge itacen girki ko katako daga wani gari kusa da gonar? Ta haka baƙin ƙwari ke shigowa. A Amurka, a 2002 aka gano wani koren ƙwaro ɗan Asiya a jihar Mishigan, ana ganin a katakon kaya ya shiga, ya kashe miliyoyin bishiyoyi. Ka sa tsutsa ɗaya a kwalba ka kai wa jami'an gandun daji.

Manomin Zuru:
Ai kuwa 'yata, an sauke tirelar itace can bara. Gobe zan je da wuƙa da kwalba.